Kare a Ƙasar Gaya: Tarihin Kiwonsa da Horonsa

Masu rubuta tarihin ƙasar Kano sun yi wa doki hidima ƙwarai. Sun gaya mana cewa a zamanin Sarki Kanajeji aka fara lifidi da sulke da kwalkwali, sun ba mu labarin barga da shamaki. Jaki ma ya sami rabonsa wajen masu labarin fatauci. Amma kare, wanda ya daɗe yana kwana a ƙofar talaka, ba a cika kula da shi ba, sai ka ce ambatonsa a takarda ƙasƙanci ne. Abin da mu ke nufi da wannan ɗan rubutu shi ne mu duba yadda mutanen gabashin Kano, watau Gaya da Ajingi da garuruwansu irin su Gafasa, suka gaji kiwon kwikwiyo da horonsa, da shari'ar da ta tsare wannan kiwo, da kuma abin da zamani ya yi masa.

Gafasa a yau mazaɓa ce cikin ƙaramar hukumar Ajingi, amma a tarihi ƙasar Gaya ce, Gaya kuwa ba baƙuwa ba ce a labarin Kano. Al'adar baka ta ce daga nan ne maƙerin nan mai suna Kano ya taso neman tama har ya sauka gindin Dala, shi ya sa a ke kiran zuriyarsa Abagayawa. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya buga fassararsa da Turanci a 1908, ya ambaci zuwan Agalfati Sarkin Gaya a zamanin Sarkin Kano Yakubu, 1452 zuwa 1463. To, a cikin wannan littafi ne mu ke fara gamuwa da kare, kuma gamuwar ba ta farauta ba ce. Littafin ya buɗe da labarin Barbushe da gidan Dala, gidan mafarauta masu kashe giwa da sanda, sa'an nan ya ce ran bikin Tsumburbura mutane su kan taru gindin dutse da maraice, wani ya kawo baƙin kare, wani baƙar kaza, wani baƙin bunsuru. Ashe tun kafin Musulunci ya kafu kare dabbar gida ne, ana lissafa shi tare da kaza da akuya, har ana ganin ya isa a miƙa shi ga abin bauta.

Wannan ya taimaka wajen gane ƙyamar da ta biyo baya. Sa'ad da malamai suka yi ƙarfi, tun daga zuwan Wangarawa a zamanin Yaji har zuwa zaman Magili a Kano a zamanin Rumfa, duk abin da ya shafi tsafi ya zama abin gudu, baƙin kare kuwa yana ciki. Amma fa kada mai karatu ya zaci shari'a ce ta kori kare daga ƙasar Hausa. Abin da ta yi shi ne ta yanka masa wuri.

Littafin Risala na Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, shi ne littafin fiƙihun da almajirin da ya yi nisa a zaure ya kan sauke, a Gaya ko a Kano ko a Katsina. Hukuncinsa a kan kare a fili ya ke. Ba a ajiye shi cikin gidaje, na birni ko na ƙauye, sai don tsaron shuka, ko rakiyar dabbobi zuwa kiwo, ko farautar da mutum ke ci da ita, ban da ta wasa. Ya hana cinikin karnuka, ya ce an yi saɓani kan sayar da wanda aka yarda a ajiye, amma wanda ya kashe irin wannan sai ya biya ƙimarsa. Watau ga dabbar da a ke jayayya kan kuɗinta tana da rai, in ta mutu a hannun wani kuwa alƙali ya yanka mata daraja. Masu sharhin littafin sun kawo wani labari mai ban dariya, cewa shi kansa mawallafin, da katangar gidansa ta faɗi a lokacin tsoro, kare ya ajiye. Da aka tuna masa ra'ayin Imamu Malik, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski wannan zamani, da zaki zai ɗaure. Malaman da suka karantar da wannan sharhi sun san manomin da ke gefen daji yana da uzurinsa.

Har wa yau, a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, haka yawunsa. Wanke ƙwaryar ruwan da ya sa wa baki sau 7 bin umarni ne na ibada, ba don ƙazantar jikinsa ba. Mutane da yawa a yau ba su san wannan ba, su kan ɗauki fatawar wasu mazhabobi su ɗora wa kakanninsu.

Inda shari'a ta fi shiga cikin maganarmu shi ne batun horo. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar farauta horarriya ta kamo. Malamai suka tambaya, wane ne horarre? Malikiyya suka ce shi ne wanda in an sake shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Sai maharbi ya sake shi da kansa, da niyya, da ambaton sunan Allah. In ya tarar da naman da sauran rai, ya yanka. Karen da ya zabura don kansa ya kashe zomo, mushe ya yi. Malik bai shardanta cewa kare ya ƙi taɓa naman ba, ko da ya ke wasu mazhabobi sun shardanta. To, ka ga horon kwikwiyo a ƙasar nan ya wuce abin sha'awa. Tsakanin karen da ke jin kira da wanda ba ya ji akwai bambancin halal da haram a tukunyar gida. Ina ganin wannan shi ne ginshiƙin al'amarin duka, kuma shi ne abin da masu cewa Bahaushe bai san darajar kare ba suka tsallake.

Yanzu bari mu shiga gida mu ga yadda a ke yi. Karya ta kan yi wata 2 da ɗan kai da ciki, ta haihu a gindin rumbu ko cikin wani kango. 'Ya'yan su kan buɗe ido bayan kamar mako 2, a raba su da uwa in sun fara lasar abinci sosai, wajen mako 6 zuwa 8. Da ya ke ana ƙyamar kuɗin kare, galibi roƙa a ke yi tun yana cikin uwarsa, a ba da ɗan goro ko a yi alkawarin cinyar zomon farko. Mai roƙon kuwa yawanci yaro ne ko saurayi. Maigida ya kan yi kamar bai san da zancen ba, uwargida ta yi ta faɗa kwana biyu, daga baya ita ce za ka ga tana kankare ƙanzo tana ajiye masa.

Darasin farko suna ne, wanda a kan ɗauko daga launinsa ko halinsa, wani lokaci kuma a sa masa na habaici don maƙwabci ya ji in ana kira. Na biyu kasko. Kwikwiyo yana da kaskonsa shi kaɗai, a wuri guda, hannu guda ke zuba masa, dusa da ƙanzo da sauran tuwo, da ɗan tsala in ana tare da Fulani. Mafarauta sun yarda cewa karen da ya saba ci a kowane hannu na kowa ne, ran farauta ba zai san muryar da zai bi ba.

Darasi na uku shi ne mai wuya, shi ne iyaka. Gidan Bahaushe hawa hawa ne: ƙofar gida, zaure, tsakar gida, ɗakuna. Mazaunin kare ƙofar gida ne da gefen turke da gindin rumbu. Ba ya shiga ɗaki, ba ya taka tabarma ko buzun salla, ba ya kusantar randa da buta da madafa. Ana koya masa wannan da tsawa da 'yar tsumagiya, a kan lokacin da ya ɗaga ƙafa zai ƙetare dokin ƙofa, domin in an bari ya shiga ya fito sa'an nan aka doke shi, bai san laifin da ya yi ba. Batun bayan gida kuwa, wanda ya ke wahalar da Bature mai kwana ɗaki guda da karensa, ya zo wa mutumin ƙauye da sauƙi. Halittar kwikwiyo ce tun yana ɗan mako 3 ya rarrafa ya bar makwancinsa in zai yi fitsari, kuma inda ya saba nan ya ke komawa, warinsa ne ke kiransa. Saboda haka yaro ya kan ɗauke shi da asuba, da kuma bayan ya ci, ya kai shi juji bayan danga. In ya ɓata tsakar gida sai a kankare ƙasar wurin, a zuba toka da sabon rairayi don warin ya mutu. Wanda ya share sama sama, gobe ma a nan zai tarar. Ba ya iya riƙe mararsa sosai sai ya kai wata 4 zuwa 6, mai haƙuri ya san wannan, mai gaggawa kuwa ya yi ta duka har ya mai da shi matsoraci, ya riƙa ɓuya bayan rumbu yana yin abin da aka hana.

Akwai kuma kaji. Kwikwiyon da a ke so ya bi zomo da zafi, shi ne kuma a ke so ya ga 'yan tsaki suna wucewa ta gaban hancinsa ya kau da kai. Wanda ya ɗanɗana kazar maƙwabta sau ɗaya da wuya ya bari, kuma shi ne mafarin yawancin ƙarar da a kan kai gaban mai unguwa a kan kare. Dabarar ita ce a tashe shi cikin kaji da awaki tun idonsa bai gama wayewa ba, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Abin sha'awa, wasu masana biyu na Amurka, Scott da Fuller, sun shafe shekaru suna gwaji da irin karnuka 5, har da basenji na tsakiyar Afirka, suka buga sakamakon a 1965. Abin da suka samu shi ne, daga mako na 3 zuwa wajen na 12 ne kwikwiyo ke sanin su wa ne nasa, wanda ya wuce wannan lokaci bai saba da mutum ba da wuya ya sake jiki da shi. Yaran Gafasa ba su karanta littafin ba, amma lokacin da su ke ɗauko kwikwiyo ya faɗa daidai tsakiyar wannan tsakani.

In ya yi ƙwari sai makarantar daji. A nan babban malami tsohon kare ne. A kan fara da gafiya da kurege a bakin gona, a bar ƙaramin ya bi babban, ya ga yadda a ke tsare rami, ya koyi amsa fito da ƙaho. Naman farko da ya kama a kan ba shi kayan ciki nan take, don ya gane rabonsa daga hannun ubangidansa ya ke fitowa. Wasu su kan yanke masa kunne don kada ƙaya ko abokin faɗa su sami abin kamawa, su rataya masa laya, su ba shi magungunan da su ke cewa suna ƙara zafin zuciya. Na kunnen yana da dalilinsa ko da ba mu yarda da shi ba. Na maganin kuwa, na bar wa masu shi.

Farautar gayya a kan yi ta ne bayan an kau da amfanin gona, ta ci gaba har faɗuwar ruwa. A buga ganga, a sanar da dajin da za a shiga, garuruwa su haɗu da kulake da barandami da karnuka. Ka'ida ita ce nama na wanda karensa ya fara kamawa ne, amma ka'ida a daji tana bukatar ƙarfin da zai tsare ta, shi ya sa farauta ta haɗu da tauri, ƙwace da sara suka zama abin da hakimai ke fargaba kowace rani. Ya kamata a rarrabe wannan da sana'ar maharbi, mai baka da kwari ko bindiga, wanda ke shiga daji shi kaɗai a ƙarƙashin Sarkin Baka, shi sau da yawa shiru ya fi masa amfani da haushi.

Don mu ga hoton sosai, yana da kyau mu aza shi kusa da na wata ƙasa. A Faransa akwai wani kare da a ke kira baset, sunan daga kalmarsu ta gajarta ya fito. An ambace shi a littattafan farautarsu tun ƙarni na 16. Tsayinsa bai wuce inci 15 ba, ƙafafu gajeru, jiki mai nauyi, kunnuwa har suna jan ƙasa. Da gangan aka yi ta zaɓen irinsa haka, domin ya bi sawun zomo da hanci a hankali, mai farauta da ƙafa ya iya bin sa. Lord Galway ya kai guda 2 Ingila a 1866, Everett Millais ya kai wani a 1874, daga nan ya bazu har Amurka. Ga zomo ɗaya, ga talaka mai tafiya ƙasa, amma dabara ta bambanta. Mutumin Gaya, mai fili da sarari da ƙasa busasshiya wadda ba ta riƙe wari, ya nemi kare siriri mai ido da gudu, ɗan'uwan dogon karen nan na Buzayen Azawak. Bafaranshe mai kurmi da laima ya nemi hanci. Kuma da ya ke an gina baset ya bi hancinsa ba tare da jiran umarni ba, masu kiwonsa sun shaide shi da taurin kai, yana cikin waɗanda suka fi jinkirin koyon tsabtar ɗaki, kira kuwa in ya sami wari sai ya ga dama. Da za a auna shi da ma'aunin malamanmu, na tsayawa in an tsawata, da ya sha wuya kafin ya ci jarrabawa. Tun Fabrairun 2005 doka ta hana farautar zomon daji da garken karnuka a Ingila, yawancin baset yanzu 'yan ɗaki ne. Ma'aikacin da ya sayo irinsa a birnin Kano ya ɗauko aiki: zafin bazara yana galabaitar da shi, dogon kunnen yana tara danshi da kaska, kuma tsakar gidan siminti ba ta kankaruwa kamar ta ƙasa, sai sabulu da fita da shi a kan kari har wata da watanni.

Mu koma gida. Abin da ya fara canja kiwon kare a gabashin Kano gyaɗa ce. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, saura da daji suka yi ta komawa gona. Sa'ad da Mortimore da Wilson suka buga bincikensu kan ƙasar da ke kewaye da Kano a 1965, sun tarar kusan ko'ina nomawa a ke yi kowace shekara ba hutu. Cikar ƙasa irin wannan ta yi ta matsawa gabas. Sa'an nan madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 suka rage ambaliyar kogin da ke bi ta Wudil zuwa Ringim da Haɗeja, fadamun da namun daji ke fakewa suka zama lambuna. Barewa da gada suka yi nisa, aka bar kare da zomo da gafiya. Doka ma ta shigo: ta kare namun daji ta 1916, da ta Jihar Arewa ta 1963, da keɓe dazuzzuka irin su Yankari a 1956.

Na biyu shi ne ciwon haukan kare. Mutanen da sun san mahaukacin kare, maganinsa a wurinsu gayya da sanda, wanda ya ciza kuwa sai rubutu da saiwa da addu'a. Pasteur ya gwada allurarsa a kan mutum a Faransa a 1885, a Nijeriya kuma ma'aikatar binciken dabbobi ta Vom, wadda ta zauna can tun 1924, ita ta ɗauki yin allurar karnuka. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da ciwon kowace shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma wajen 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In mun tuna wanda ke riƙon kwikwiyo a ƙauyukanmu, wannan lissafi ba zai ba mu mamaki ba. Ciwo ne da in alamunsa suka bayyana sai dai haƙuri, alhali kuwa allura tun kwikwiyo yana ɗan wata 3 tana tsare shi, wanda aka ciza kuma in ya wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15 ya garzaya asibiti yana tsira. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, ciwon ya kan yanke. Tsohon horo ya koya wa kare iyakar ɗaki da kaskonsa, wannan kuwa ba ya cikin abin da aka gada, kuma a nan ne na ke ganin sarakunan farauta za su fi malamin dabbobi saurin tara karnuka, tun da ganga guda ta ishe su.

Na uku shi ne suna. Masu bincike kan 'yan daba na birnin Kano sun danganta asalinsu da ƙungiyoyin farauta da tauri, waɗanda 'yan siyasa suka jawo tun rigingimun NEPU da NPC a shekarun 1950. Saurayi mai jan karnuka ya zama abin zargi, har “karen farauta” ya koma sunan wanda a ke turawa ya yi ɓarna a madadin wani. Mafaraucin ƙauye, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ya ɗauki rabonsa na wannan baƙin jini.

Da daji ya ƙare kusa, sai tafiya ta yi tsawo. Mafarautan ƙasar Kano yanzu su kan yi ƙungiya su ɗauki mota da rani, su nufi dazuzzukan Bauci da Neja da Taraba, wasu har kudancin ƙasa, inda ba a san gangarsu ba, ba a kuma jin harshensu. A watan Maris na 2025 aka tare wasu a Uromi ta Jihar Edo suna komowa gida hutun Salla, aka kashe mutum 16, yawancinsu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure. Karen da kakansa bai taɓa wuce tafiyar yini daga turken gida ba, yau cikin darussansa har da hawa bayan a-kori-kura, ya kwanta cikin 'yan'uwansa goma ko fiye ba faɗa, yini da kwana, har a sauke su a bakin dajin da bai san warinsa ba.